Farantin sola a tsibirin Kofiya, bayan wata takwas ina amfani da shi

Mu mazauna Kofiya, a ɓangaren Kamaru na tafkin Cadi, wutarmu ta janareta ce, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ya yi tsadar da masu caji suka rage sa'o'in kunna inji. Da injin unguwarmu ya lalace bara, sai da muka yi mako bakwai cikin duhu, domin ƙarfen da za a sauya sai an nemo shi daga birnin Kusuri mai nisa da mu. Duhun bai dame mu kamar mutuwar wayoyi ba, saboda masunci ba ya sanin farashin banda a kasuwar garin Bulangwa sai ya tuƙa kwalekwale ya je da kansa, kuɗin da aka turo masa ta waya kuma yana nan amma ba ya taɓuwa.

Wannan ne ya sa na sayi faranti mai wat 100 a kasuwar Kusuri, haɗe da batir mai bolt 12, da na'urar daidaita caji, da ƙwan fitila uku. A wajen haske da cajin waya ban ga aibinsa ba. Yana cika wayoyi shida kafin la'asar, da dare kuma nakan zauna ƙarƙashin ƙwai ɗaya ina ɗinkin koma har yara su gama tilawa, ba hayaƙi ba ƙara.

Sai dai mai shagon ya yi mini daɗin baki da ya ce, "Alhaji, har firji zai ɗauka." Ko fanka ce ta kwana a kansa, kafin asuba batirin ya faɗi, irin wannan batir kuwa idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba ya daɗewa, balle a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe gilashin har mutum ya rubuta sunansa da yatsa, kuma ranar da aka manta ba a goge ba, fitila takan dushe tun bayan isha'i. Wayar lantarkin da aka haɗo da farantin siririya ce ƙwarai, na sauya ta a mako na biyu.

Wanda bukatarsa haske da waya ce, ya saya, amma ya sa a gwada batirin a gabansa kafin ya biya, domin mayar da kaya daga tsibiri zuwa Kusuri ya kusa cinye kuɗin sabon batir.