DaVinci Resolve ko Premiere Pro: wanne ya dace da mai tace fim a Zariya?

Dukansu manhajojin tace fim ne a kwamfuta. Premiere Pro haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara. DaVinci Resolve kuwa akwai na kyauta, wanda ya ishi mai ƙaramin jari. Wajen yanka da jera hotuna kusan kunnen doki suke, amma a gyaran launi Resolve ya yi fintinkau. Hoton da aka ɗauka a Ƙofar Doka da hunturu yakan fito a koɗe saboda hazo. A Resolve sai ka ware fatar ɗan wasa ka gyara ta daban, jar ƙasar ganuwa ba ta koma ruwan lemo ba. Premiere ma yana yi, sai dai da jan lokaci. Aibin Resolve cin ƙarfin kwamfuta: mai RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 8 za ta riƙa sarƙewa da hoton 4K (hoto mai tsananin kaifi da nauyi), dole a fitar da kwafin hoton marasa nauyi a tace da su.