Sharhi a kan PUBG Mobile: Irin Intanet ɗin da Yake Buƙata da Bayanan da Yake Karɓa

PUBG Mobile na cikin wasannin waya da suka fi samun karɓuwa tun da aka fitar da shi a watan Maris na 2018. Asalin wasan na kamfanin Krafton ne na Koriya ta Kudu, amma wani sashe na kamfanin Tencent na China ne ya ƙera na waya, kuma zuwa 2021 an sauke shi fiye da sau biliyan ɗaya a wajen China. Mutum ɗari ake ɗaukowa a jirgin sama, kowa ya diro da lema hannu rabbana, ya nemi makami da sulke, fili kuma yana ta ƙanƙancewa har sai mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ta rage. A matsayinsa na wasa ina yaba masa ƙwarai, domin yana koyar da haƙuri da aiki tare, kuma yana tafiya a wayoyi masu matsakaicin ƙarfi idan aka rage kyawun hoto. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata mutum ya sani kafin ya sauke shi, ko ya bar ɗansa ya sauke: irin sabis ɗin da yake buƙata, da abin da yake tattarawa game da mai wasa.

Mutane da yawa suna zaton wasan yana cinye data kamar kallon bidiyo, alhali ba haka ba ne. Taswira da gidaje da motoci duk suna cikin wayar tun farko, abin da ke kai da komowa a intanet shi ne ƙananan saƙonni na inda kowa yake da abin da ya yi, don haka sa'a guda ta wasa ba ta cika wuce 'yan gomman megabait ba. Inda aljihu ke jin jiki shi ne saukewar farko, wadda ta haura gigabait ɗaya kafin a zo kan ƙarin taswirori da kayan ado, sai kuma manyan sabuntawa da ke zuwa kusan duk bayan wata biyu. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ya zama abin lissafi ga ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a. Abin da na yaba shi ne wasan yana barin mutum ya zaɓi taswirar da zai sauke, ya bar sauran.

Ainihin buƙatar wasan ita ce layi mai ɗorewa wanda ba ya jinkiri. A gefen allo akwai lamba da 'yan wasa ke kira ping, wadda ke nuna milisakan (ɗaya bisa dubu na daƙiƙa) nawa saƙo ke ɗauka daga waya zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. Idan tana ƙasa da 100 wasa yana tafiya lafiya, idan ta haura 200 sai ka ga ka harbi mutum bai faɗi ba, ko ka shige bayan bango amma harsashi ya same ka, domin a wurin saba ba ka riga ka matsa ba. Lambar 460 kuwa duk wanda ya daɗe a wasan ya santa, alama ce ta cewa layi ya tsinke ko yana gab da tsinkewa.

Wani ɓangare na wannan jinkiri ba laifin kowa ba ne, nisa ne kawai. Hasken da ke ɗauke da saƙonnin intanet yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi, kuma wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku tsakanin Legas da Fotugal tana da tsawon kusan kilomita 7,000. Wannan na nufin zuwa da dawowa a wannan zangon kaɗai yana cin milisakan 70, kafin a ƙara tafiya daga Kano ko Maiduguri zuwa Legas, da ratar da ke tsakanin waya da turken sabis, da ragowar hanya a cikin Turai. Saboda haka wanda aka haɗa da sabar Turai yana shiga fage ne da naƙasu a kan wanda ke zaune kusa da ita, ko da kuwa 5G yake amfani da shi. Duk sabar da ta fi kusa ita ya kamata a fara gwadawa, kuma a yi zaɓin da natsuwa, domin a ƙarshen 2020 aka kawo ƙa'idar cewa wanda ya sauya saba sai ya jira kwana 60 kafin ya sake. Dogaro da wayoyin teku ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Najeriya da Ghana da Kwaddebuwa da wasu maƙwabtansu.

Akwai kuma matsalolin gida. Bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet, turken unguwa yana cunkushewa, ping ya riƙa hawa da sauka, kuma wannan rawar ta fi cutarwa a kan lamba mai yawa da ke tsaye wuri ɗaya. A wayoyin da ba sa kira ta kan 4G, shigowar kira tana mayar da layi 3G ko 2G, wasa ya daskare a tsakiyar artabu. Zafin waya ma yana rage mata gudu, mutum ya ɗora wa sabis laifin da ba nasa ba. Ga mai layin da ba shi da tabbas, ƙaramar taswirar Livik, wadda ake gamawa cikin kimanin minti 15, ta fi dacewa a kan Erangel mai cin rabin sa'a.

Batun sirri ya fi damuna, domin ana ganin ping a allo, amma ba a ganin inda bayanai ke tafiya. Kamfanin Proxima Beta da ke Singafo, wanda ke ƙarƙashin Tencent, shi ne ke da alhakin bayanan 'yan wasa a mafi yawan ƙasashe. Bisa takardar manufarsa, yana karɓar irin wayar mutum da manhajar da ke tafiyar da ita, da adireshin intanet da ke nuna yankin da yake, da tarihin wasanninsa, da saƙonnin da ya rubuta, da abin da ya saya. Wasu daga cikin waɗannan suna da hujja, domin ba za a iya kama masu maguɗi ba sai an duba abin da ke gudana a waya. Amma wanda ya shiga ta Facebook yana ƙara miƙa sunansa da hotonsa da jerin abokansa da ke wasan, kuma hoton yana iya bayyana ga baƙin da bai taɓa sani ba. Ga 'yan mata da yara wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan aka haɗa da makirufo da ke iya buɗewa ga duk wanda ke kusa a cikin wasa, ba 'yan tawaga kaɗai ba. A ganina ya kamata a ce waɗannan ƙofofi a rufe suke tun farko, mai so ya buɗe da kansa.

Gwamnatoci ma sun nuna damuwa. A ranar 2 ga Satumba, 2020, Indiya ta haramta PUBG Mobile a cikin manhajoji 118, tana mai cewa ana fitar da bayanan 'yan ƙasar zuwa sabobin waje ba tare da izini ba. Krafton ya karɓe ragama daga hannun Tencent a can, ya fitar da Battlegrounds Mobile India a Yulin 2021, aka sake cire shi a Yulin 2022, sannan ya dawo a Mayun 2023. Kada a ɗauka matsalar ta kamfanonin China ce kaɗai: a Disambar 2022 kamfanin Epic Games na Amurka, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, wanda miliyan 275 daga ciki tara ce kan tattara bayanan yara ba da yardar iyaye ba, kuma cikin ƙorafin har da barin hirar murya a buɗe ga yara. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta bai wa mutum 'yancin tambayar abin da aka ajiye game da shi da neman a goge, ta kuma wajabta yardar iyaye ga wanda bai kai shekara 18 ba, har a kan kamfanonin waje da ke sarrafa bayanan mazauna ƙasar.

Duk da haka, ɓarnar da ta fi yawa a tsakanin matasanmu tana shigowa ne ta gefen wasan. Shafukan bogi da ke alƙawarin UC kyauta, wato kuɗin cikin wasa, suna neman kalmar sirrin Facebook, kuma wanda ya bayar ya rasa asusun wasa da shafinsa gaba ɗaya. Haka ma manhajojin maguɗi da ake turawa a zaurukan WhatsApp da Telegram, da VPN na kyauta, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗin waya ta wata saba, da ake cewa yana rage ping alhali sau da yawa ƙara tsawon hanya yake yi, ga kuma mai shi yana ganin inda zirga-zirgar wayar ke nufa. Tencent yana da shagonsa na Midasbuy, kuma nan ko shagon Google da na Apple ne wuraren sayen UC da hankali zai kwanta da su.

Ina ba babba mai 4G tsayayye shawarar ya buga wasan, da sharaɗin ya buɗe masa imel na daban maimakon Facebook, ya sa hoton cikin wasa a madadin nasa, ya hana shi izinin sanin wuri, ya taƙaita makirufo ga tawagarsa. Yaro ƙarami kuwa ban ga dacewar a bar shi da shi ba tare da wani babba ya duba saitunan ba, kuma kada a ajiye lambar katin banki a wayarsa. Wanda ya yanke shawarar dainawa ya sani cewa cire manhajar daga waya ba ya goge asusu. Sai ya shiga saituna ya nemi a goge shi, sannan ya je Facebook ko Google ya janye izinin da ya bai wa wasan.