SortableJS: ta iya ja da saki, amma sai an saita ta

Duk wanda ya taɓa rubuta ja da saki, wato jan abu a shafin yanar gizo a ajiye shi wani wuri, da hannunsa ya san wahalar. Ka kama mousedown (danna linzami), ka bi mousemove (motsinsa), sannan ka saurari mouseup (sakinsa) a kan document, wato shafin gaba ɗaya, don in ka ɗora shi kan akwatin da ake ja kaɗai, da linzami ya zame waje abin ya maƙale. SortableJS, wata laburaren JavaScript ta sake tsara jeri da ja da saki, ta ɗauke wannan nauyin. Kyauta ce, lasisinta MIT, kuma ba ta neman jQuery. Ka kira Sortable.create ka miƙa masa jerin, ka sa animation ya zama 150, shi ke nan. Idan aka saki abu, onEnd zai ba ka oldIndex da newIndex, wato tsohon matsayin abin da sabonsa, ka ajiye sabon tsari.

Matsalar tana cikin saitin da ta zo da shi. A kwamfuta tana amfani da tsarin ja na HTML5, kuma da zarar an fara ja, burauza na daina aiko da mousemove. Duk wani rubutunka da ke bin linzami zai tsaya cak har a saki. Maganinsa forceFallback, saitin da ke sa ta bar tsarin HTML5 ta yi amfani da nata. To amma da ka kunna shi, wata matsalar ta ɓullo: hannu kan ɗan motsa yayin dannawa, sai ta ɗauka ja ake yi, danna ya salwanta. Ka sa fallbackTolerance, wato tazarar da linzami zai motsa kafin a ɗauka ja ne, tsakanin fiksel 3 da 5, ya wadatar.

A waya kuwa, mutum na son gangara shafi sai ya ga ya kinkimo layi guda. Ka ba da delay na kamar milisakan 200, ka haɗa da delayOnTouchOnly don kada masu linzami su yi ta jira. Abin da ya fi, a ganina, shi ne handle: ɗan maƙali a gefe, ta nan kaɗai ake ja.

Hattara da filter, saitin da ke ware abubuwan da ba a ja. Yana zuwa da preventOnFilter a kunne, shi ya sa gurbin rubutu da ke cikin jeri ke ƙin karɓar danna sai an kashe shi.

Masu gina shafi da React da Vue, kada ku ɗaura ta kai tsaye, don tana sauya DOM, wato tsarin abubuwan shafin, ba tare da sanin React ko Vue ba. Akwai react-sortablejs da Vue.Draggable da aka yi don wannan. Babban giɓin SortableJS shi ne ba ta san kibod ba. Wanda ba ya iya riƙe linzami, kai za ka ƙera masa maɓallan sama da ƙasa.