Inhela ko Ƙwaya: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Asma da Ke Shayarwa?

Wasu mata masu asma na ajiye inhela (maganin da ake fesawa a baki a shaƙa) da zarar sun haihu, su koma shan ƙwayar maganin asma, wai don kada maganin ya shiga nono. Lissafin a juye yake. Fesa ɗaya na salbutamol, maganin da ke buɗe hanyar numfashi, mikrogiram 100 ne, kuma kai tsaye yake sauka huhu. Ƙwayarsa ta miligiram 4 kuwa daidai take da fesa 40, kuma sai ta zagaya jini kafin ta isa ƙirji, ta jinin kuwa magani ke shiga nono. Wannan zagayen ne ya sa take kawo rawar hannu da faɗuwar gaba. Inhelar rigakafi, irin beclomethasone da budesonide, abin da ke kaiwa nono daga cikinta kaɗan ne ƙwarai.

Matsalar inhela ita ce iya amfani da ita. A girgiza, a fitar da numfashi, a danna ana jan iska a hankali, a riƙe daƙiƙa 10. In an yi gaggawa, a maƙogwaro maganin ke tsayawa. Bayan ta rigakafi a kurkure baki, saboda farin kumfa da ke fitowa a harshe.

Ƙwaya ma tana da ranarta. Idan ciwon ya tashi sosai, shan prednisolone, ƙwayar da ke rage kumburin hanyar numfashi, na 'yan kwanaki ba ya hana shayarwa; in likita ya rubuta fiye da miligiram 40 a rana, a jira awa 4 bayan sha kafin a ba da nono. Aminophylline, wata ƙwayar asma, ita ce abin lura: tana shiga nono, jariri, musamman bakwaini, ya yi ta kuka ya kasa barci.