Krita ko GIMP? Ga abin da na gani bayan na gwada su

Masu tambaya ta wace manhaja nake zanen dawakan hawan Sallah da nake sakawa, Krita ce, kuma ko sisi ban biya ba. Ni ba sana'ata ba ce zane, sha'awa ce kawai nake yi da daddare in na dawo daga shago a nan Katsina, to ka ga babu yadda za a yi in ɗauki Photoshop da tun 2013 Adobe suka maida ita ta haya, kullum wata sai ka biya kuma da dala.

GIMP na fara sawa saboda ita kowa ya sani, tsohuwa ce, tun 1996 take, wasu ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka suka fara ta. Wajen gyaran hoto kam ba laifi wallahi, yanke mutum daga bayan hoto, ƙara haske, goge wayar lantarki da ta gifta gaban hasumiyar Gobarau a hoton da na ɗauka da waya, duk tana yi tsaf, kuma sabuwar da suka fitar a 2025 wato GIMP 3 tana barinka ka saka tace, wato filta mai canza kamannin hoto, ka dawo ka canza shi daga baya ba tare da ka ɓata asalin ba. Amma zane daga farar takarda ban ji daɗinshi a cikinta ba, an gina ta ne don hoto.

Krita kuwa masu zane aka yi wa ita, kana buɗewa za ka gane. Burushi iri-iri, na fensir, na tawada, na fenti mai ruwa, kuma in kana da ɗan allon zanen nan mai alƙalami tana jin yadda ka danna, ka danna da ƙarfi layi ya yi kauri ka sassauta ya sirance. Abin da ya fi kama ni shi ne mai daidaita layi, don ni hannuna rawa yake, in zan ja wuyan doki ko naɗin rawani sai ya fito a karkace, amma da na kunna shi layin yana biyo alƙalamin a hankali kamar kana jan akuya da igiya, ya fito sumul. Akwai kuma wani tsari da ke maimaita zanenka ta ko'ina a jere, da shi na gwada zubin hula, ka zana gida ɗaya ka ga yadda zai haɗu da na kusa da shi tun kafin ka gama.

Inda za ta ba ka aiki shi ne in laftof ɗinka ƙarami ne, nawa RAM 4GB ne, in na buɗe babbar takarda na tara leya da yawa, wato shimfiɗun zane da ake ɗora wani kan wani, sai burushi ya fara jan ƙafa, dole na rage girman takardar. Amma tana ajiye aiki da kanta lokaci-lokaci, wanda ga mu da wuta ke tafiya ba sallama kuma batir ya tsufa ba ƙaramin taimako ba ne.

Masu waya kaɗai, ibisPaint X ta Japan ta ishe ku farawa, sai dai ku haƙura da talla. Photopea kuma a burauza take aiki ba sai ka sauke komai ba, nakan buɗe ta in wani ya turo min fayil ɗin PSD, wato irin na Photoshop. Inkscape ta masu tambari ce da za a buga babba, ban cika taɓa ta ba.

Shawarata, Krita ka sauke daga shafinsu na asali in zane kake so, wadda ake sayarwa a shagunan manhaja na Steam da Microsoft Store ita ɗin ce dai, kuɗin tallafi ne ga masu yin ta. GIMP ka bar ta a gefe don hotunan biki da na suna da 'yan uwa za su fara turo maka da zarar sun ji ka iya.