Hoton gida a kan ruwa: kwale-kwale ko jirgi mara matuƙi?

Tun da hotunan tsofaffin gidajen katako na Amurka suka fara yawo, waɗanda ake ɗora wa jirgin dako a sauya musu mazauni ta ruwa, matasa masu ɗaukar hoto a Kaduna ke ta tambayata: irin wannan aiki, kwale-kwale za a shiga ko jirgi mara matuƙi za a tayar?

Kwale-kwale ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka yi ciniki da mai fito, ka sa rigar kariya, shi ke nan. Kana daf da ruwa, gidan na bisa kanka, za ka kamo igiyoyin da aka ɗaure shi da su, har gumin ma'aikacin da ke lura da su. A ganina wannan hoton ne zai yi daraja bayan shekaru, domin da mutane a cikinsa. Sai dai kwale-kwalen na tangaɗi: ka kai saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, 1/1000 na sakan, ka rufe kyamara da leda. Kogin Kaduna kuwa a Agusta da Satumba ba abin wasa ba ne.

Jirgi mara matuƙi shi ke nuna komai lokaci guda, gida da kogi da jama'ar da ke gaɓa. Amma da tsada, batir ba ya daɗewa, hazo kuma na dusashe hoto. Ga batun izini daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kaduna garin soja ne, ga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ga sansanin sojin sama, kada ka tayar da jirgin babu takarda.

Mai koyo, da wanda labarin mutane ya dama, kwale-kwale ya ishe shi. Wanda hukuma ko gidan talabijin ya ɗauka aiki, da kuɗi da takardu a hannu, jirgi mara matuƙi ya fi dacewa da shi.