Gari mai rana da fili a bayan gari a yammacin Amurka: Bend, Durango, Flagstaff ko arewacin New Mexico?

Idan abin da kake nema gari ne mai rana, mutanensa masu sassaucin ra'ayi waɗanda ba sa yi wa baƙo kallon hadarin kaji, ga dutse ga kogi ga daji na fita yawo, kuma kana son 'yan eka ka yi lambu ka ajiye awaki ko doki, to a Amurka kusan duk wanda ka tambaya yamma zai nuna maka. Sunayen da za ka yi ta ji su ne Bend a Oregon, Durango a Kolorado, Flagstaff a Arizona, sai Santa Fe da Taos a New Mexico. Dukkansu suna da kyau wallahi, ba na musu. Amma ɗan uwa ka riƙe wannan tun yanzu: inda rana ta yi yawa ruwa ne ya yi ƙaranci, kuma garin da ya burge ka ba shi ne zai mulki filinka ba, hukumar gunduma ce da dokar ruwa ta jiha. Don haka ni da ruwa nake auna su, ba da hoton faɗuwar rana da dillali ya saka ba.

Bari in fara da Durango saboda a nan ne dokar ta fi fitowa fili. Garin yana kan tsayin ƙafa 6,500 ko makamancin haka, kogin Animas ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai kwalejin Fort Lewis da ta cika shi da matasa, masu keke da masu hawan dutse kam ba a magana. To amma a Kolorado ruwa na wanda ya riga ka ne, wanda ya fara amfani da shi tun shekaru sama da 100 da suka wuce yana gaba da kai ko da kogin ta cikin filinka ya bi. Kuma akwai maganar eka 35. In filinka ya kai eka 35 yawanci za ka iya samun izinin bohol da zai ba ka damar shayar da dabbobi da ban ruwan lambu har eka 1. In bai kai ba, sau da yawa izinin da za a ba ka na cikin gida ne kawai, wanka da girki da wanki, ba ka da ikon ka ja tiyo ka ba tumatir ruwa balle doki. Ka ga kenan mutum zai iya sayen eka 10 masu kyau ya zo ya tarar ba abin da zai iya shukawa. Hatta ruwan sama sai a 2016 aka halatta wa yawancin gidaje su tara shi, shi ma duro 2 ne, galan 110 gaba ɗaya. Sannan a kudancin gundumar La Plata, wadda Durango ke cikinta, akwai rijiyoyin gas, ana iya sayar maka da saman ƙasa alhali ma'adinan da ke ƙarƙashi na wani ne daban, sai ka sa an duba maka takarda sosai.

Bend kuma shi ne ya fi girma da hidima cikin masu kama da shi, mutum kusan 99,000 a ƙidayar 2020, yana gabas da duwatsun Cascade da suke tare hadari shi ya sa yake bushe, ruwan saman shekara bai fi inci 11 zuwa 12 ba. Ga kogin Deschutes, ga dutsen Bachelor na masu zamiya a ƙanƙara, ga Smith Rock na masu hawan dutse, kuma Oregon ba ta karɓar harajin sayayya. Matsalarsa biyu ce a wajena. Ta farko dokar filaye ta jihar tun 1973, wadda ta zana wa kowane gari iyaka, filayen da ke waje kuma da yawa an ware su don noma zalla, wato ka mallaki fili ba ya nufin za a bar ka ka gina gida a kai. Ta biyu sanyin dare, raɓa mai daskarewa tana iya sauka har cikin watan Yuni, lokacin shuka gajere ne ƙwarai, mai son lambu sai da rumfar leda. In ka matsa gabas don neman sauƙin kuɗi ka shiga gundumar Crook, siyasar mutanen can daban take da ta cikin Bend, ba wai mugayen mutane ba ne, amma in don sassaucin ra'ayi ka taso to ka san inda ka sauka.

Flagstaff ba zan daɗe a kansa ba. Ga wanda zai zauna cikin gari wuri ne mai daɗi, jami'a, dajin itatuwa dogaye, shahararren kwazazzabon Grand Canyon ba nisa, dare tas da taurari don tun 2001 aka ba shi shaidar garin da ke kare duhun sama. Amma dusar ƙanƙara tana kai wa wajen inci 100 a shekara, gandun dajin gwamnati ya zagaye shi don haka filin sayarwa kaɗan ne, ruwan ƙasa kuma yana da zurfin da mutane da yawa a bayan gari da tanki suke ɗauko ruwa a mota. Mai son kiwo da shuka, ni dai ba zan tura shi can ba.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne arewacin New Mexico, kuma dalilina shi ne a nan za ka iya fita bayan gari ba tare da ra'ayin mutane ya juya gaba ɗaya ba, gundumomin Santa Fe da Taos har yawancin ƙauyukansu jam'iyyar Dimokurat suke zaɓa shekara da shekaru. Santa Fe shi ne babban birnin jihar, kuma babban birnin yankin ne tun 1610, tsayinsa wajen ƙafa 7,000, rana kusan kullum, babban filin jirgi yana Albuquerque tafiyar awa 1. Musulmi kuma zai so ya san akwai masallatai a Albuquerque, sannan a ƙauyen Abiquiu da ke arewa maso yamma da Santa Fe akwai cibiyar Musulunci ta Dar al Islam, ginin ƙasa da masanin gini ɗan Masar Hassan Fathy ya tsara a farkon shekarun 1980. Abin da ya fi komai daraja a yankin shi ne tsofaffin magudanan ban ruwa da suke kira asekiya, jama'a ne ke gudanar da su da kansu, akwai mai rabon ruwa, kuma duk shekara kafin shuka kowa sai ya fito ko ya turo wakili a yashe su. Filin da ke da haƙƙin ruwa a irin wannan magudanar shi ne fili na gaske. Sai dai haƙƙin ana iya sayar da shi daban a bar ƙasar fayau, don haka kar ka yarda da "ai akwai ruwa" na baki, ka je ofishin injiniyan jiha mai kula da ruwa a nuna maka a rubuce. Filaye masu arha da za ka gani a kan tudun da ke yamma da kwazazzabon Rio Grande kusa da Taos, arharsu ta rashin ruwa ce, sai mai shirin zama da sola da tanki.

Ba na ɓoye rauninsa. New Mexico na cikin jihohin da talauci ya fi yawa, aiki mai albashi mai kyau ba shi da yawa, in ba da aikinka na intanet ka zo ba sai ka yi lissafi da kyau. Kuma akwai 'yan asalin ƙasar da ake kira Pueblo da iyalai masu jin Sifaniyanci da suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin, masu zuwa da kuɗi daga waje suna tsawwala musu farashi, wannan abin yana damuna gaskiya. In ka je ka shiga da ladabi, ranar yashe magudana ka fito da shebur ɗinka.

Wutar daji kuwa ba wanda ya tsira a cikinsu. A 2018 ta ci daji arewa da Durango, a 2022 gobara biyu ta tashi a gefen Flagstaff ambaliya ta biyo baya, a shekarar dai New Mexico ta ga mafi girma a tarihinta, sama da eka 340,000 a gabas da Santa Fe. Bend kuma hayaƙi ne ke rufe shi wasu makonni a ƙarshen zafi, mai asma ya lura. Shi ya sa nake roƙonka ka kama haya tukuna ka ga watan Agusta ka ga Fabrairu, ka bi hanyar filin ranar da ƙanƙara ta narke ta zama taɓo, ka tambaya wa ke share ta kuma kana da izinin wucewa a rubuce ko babu, ka sa a gwada ƙasar ko za ta karɓi sokawe, ka ji kuɗin jawo wutar lantarki daga falwaya ta ƙarshe. Kuma ka sa a rubuta cikin yarjejeniyar ciniki cewa in kamfanin inshora ya ƙi karɓar gidan saboda haɗarin gobara, za a maido maka da kafin alƙalaminka, don banki ba zai ba ka bashin gida ba sai da inshorar.